Ƙungiyar Antant da Maƙwabtanta: Gana da Nijeriya, 1959 zuwa 1975

Ranar 29 ga watan Mayu 1959, a birnin Abijan, shugabannin gwamnatocin ƙasashe huɗu na Afirka ta Yamma suka sa hannu bisa takardar kafa wata ƙungiya wadda ake kira Conseil de l'Entente da Faransanci. Ƙasashen su ne Kwaddibuwa, da Hot-Bolta wadda ta zama Burkina Faso a 1984, da Dahome wadda ta zama Benin a 1975, da Nijar. Togo ta shigo daga baya, a 1966. A cikin wannan rubutu za a riƙa ce mata Antant, yadda sunan yake zama a bakin Bahaushe. Ma'anar kalmar kuwa ita ce jituwa, watau zaman da mutane suke yi suna jin maganar juna ba tare da wani ya zama sarkin wani ba. Abin da za a duba shi ne yadda ƙungiyar ta zauna da ƙasashen da ke kewaye da ita, musamman biyun da suka fi nauyi, Gana da Nijeriya, tun daga kafuwarta har zuwa 1975, shekarar da aka kafa CEDEAO a Legas. Wanda ya bi tarihin shekarun nan goma sha shida zai ga abu guda yana ta komowa: in maganar Gana ce, bakin ƴan Antant yakan zo ɗaya, ko kusa da haka, in kuwa maganar Nijeriya ce, sai Yamai ta kama hanyarta, Abijan ta kama tata.

Asalin ƙungiyar

Antant ba don Gana ko Nijeriya aka fara kafa ta ba, don Dakar ne. A zamanin mulkin mallaka Faransa ta haɗa yankuna takwas ƙarƙashin gwamna babba guda da ke zaune a Dakar, kuma kuɗin duwan na dukansu can yake taruwa kafin a raba. Da mulkin kai ya gabato, sai aka rabu gida biyu. Sangor na Senegal da Modibo Keita na Sudan ta Faransa, watau Mali ta yau, suna son a riƙe tarayyar; Ufuwet Buwanyi na Kwaddibuwa, wanda ƙasarsa ta fi kowace arzikin kofi da koko, ba ya son ta ci gaba da zama saniyar tatsa. A watan Janairu 1959 aka shelanta Tarayyar Mali da ƙasashe huɗu, Senegal da Sudan da Hot-Bolta da Dahome. Kafin wata uku biyu sun fice. Hot-Bolta ba ta da hanyar teku sai dogon da ya taso daga Abijan, ga kuma ƴaƴanta da yawa suna ƙwadago a gonakin Kwaddibuwa. Dahome kuwa tana jiran Faransa ta gina mata babbar tashar jiragen ruwa a Kwatano. Nijar ba ta ma shiga ba tun farko, domin Jibo Bakari, shugaban jam'iyyar Sawaba, wanda ya nemi a ce a'a a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, ya riga ya fāɗi, mulki ya koma hannun Jori Hamani, abokin tafiyar Ufuwet a cikin jam'iyyar RDA.

Ƙungiyar da suka kafa mara nauyi ce da gangan. Ba ta da majalisar dokoki, ba ta da gwamnati ta bisa, ba ta da soja. Shugabanni ne suke taruwa, su yi shawara, in ba su yarda duka ba a bar maganar. Abin da ya ɗaure su a aljihu shi ne wani asusu na taimakon juna wanda kowace ƙasa take zuba wani kashi na kuɗin shigarta. Wajen rabo sai a kasa shi kashi goma sha shida, Kwaddibuwa ta ɗauki ɗaya, sauran uku kowace ta ɗauki biyar. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna wane ne uban gida a cikin taron. Tare suka nemi mulkin kai, kuma jere da juna suka karɓe shi a watan Agusta 1960: Dahome ran 1, Nijar ran 3, Hot-Bolta ran 5, Kwaddibuwa ran 7.

Ta fuskar tsaro, ƙungiyar ta jingina ne ga Faransa. Ran 24 ga Afrilu 1961 aka sa hannu a Paris bisa yarjejeniyar tsaro tsakanin Faransa da Kwaddibuwa da Dahome da Nijar, har da wani shafi da ya ba Faransa fifiko bisa waɗansu ma'adinai, cikinsu da man fetur da uraniyom. Moris Yameyogo na Hot-Bolta ya ƙi shiga wannan yarjejeniya, ya kuma ƙi a bar sansanin sojan Faransa a ƙasarsa. Tun ba a je ko'ina ba ke nan, tsaron ƙungiyar na ƙasashe uku ne cikin huɗu.

Gana

In aka dubi taswira za a ga Gana tana zaune ne a tsakiyar Antant kamar tsibiri: Kwaddibuwa a yamma, Hot-Bolta a arewa, Togo a gabas, teku a kudu. Ta riga su samun mulkin kai da shekara uku, tana da kuɗin koko, kuma shugabanta Kwame Nkuruma yana kiran a haɗa Afirka duka ƙarƙashin gwamnati ɗaya. Ya ƙulla tarayya da Gine ta Seku Ture a watan Nuwamba 1958, Mali ta shigo a ƙarshen 1960. Da ƙasashen Afirka suka rabu a 1961, Gana da Gine da Mali suna ɓangaren Kasabalanka, ƴan Antant suna ɓangaren Monrobiya. Tsakanin Nkuruma da Ufuwet kuma akwai ƙullin da ya fi na aƙida kusa: a 1959 masarautar Sanwi, da ke kudu maso gabashin Kwaddibuwa, ta nemi ɓallewa, waɗansu daga cikin jagororinta suka sami mafaka a Gana.

Duk da haka, ba nan da nan aka zama tsintsiya ɗaya ba. Yameyogo, wanda yake ganin Abijan tana cin rabonsa na kuɗin duwan, ya juya wajen Akara. A watan Yuni 1961 shi da Nkuruma suka haɗu a Paga, bakin iyaka, suka rushe wani bango da aka gina don bikin, alamar an ɗauke shingen duwan tsakanin ƙasashen biyu. Zumuncin bai daɗe ba. Ran 1 ga Agusta 1962, Nkuruma yana komowa daga ganawa da Yameyogo a Tenkodogo, aka jefa masa bam a Kulungugu, ya tsira da rauni, daga nan zargi ya shiga tsakani, Yameyogo ya koma gidan jiya.

Abin da ya haɗa kan ƙungiyar sosai daga Nijar ya fito. An haramta Sawaba a watan Oktoba 1959, Jibo Bakari ya yi gudun hijira zuwa Bamako, daga baya ya koma Akara. Samarin jam'iyyar suka sami horon yaƙi a Aljeriya da Sin da Gana. A ƙarshen damanar 1964 suka fara shigowa ƙungiya-ƙungiya da makamai ta iyakokin kudu da na yamma, suna tsammanin talakawa za su tashi su bi su. Talakawa ba su tashi ba. Aka kama mafi yawansu, aka harbe waɗansu a bainar jama'a a Yamai, kurkuku ya cika. Ran 13 ga Afrilu 1965, ana sallar Layya a filin idi na Yamai, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti inda Jori yake. Shugaban ya kuɓuta, wani yaro ya rasu. Gwamnatin Nijar ta ɗora laifin a kan Akara kai tsaye.

A nan ne Antant ta yi aiki irin na ƙungiya mai siyasar waje guda. An shirya taron ƙoli na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Akara cikin Oktoba 1965, Nkuruma ya kashe kuɗi mai yawa wajen gina masaukin baƙi da zauren taro. Shugabannin Antant suka ce ba za su taka Akara ba muddin ƴan adawarsu suna can. Aka yi zaman ministoci a Legas a watan Yuni, Gana ta yi alkawarin kawar da mutanen. Aka sake ganawa a Bamako ana saura ƴan kwanaki. Duk da haka ƙasashen huɗu suka ƙi zuwa, Togo da waɗansu ƙasashe masu magana da Faransanci suka bi bayansu. Wata huɗu bayan taron, ran 24 ga Fabrairu 1966, soja suka tuɓe Nkuruma yana kan hanyar Hanoi, sababbin masu mulki suka rufe sansanonin horo, Jibo Bakari ya koma Gine.

Ya kamata a lura da abin da ya sa wannan haɗin kai ya zo da sauƙi. Ga Nijar, yin gāba da Akara bai da tsada ƙwarai. Ba su haɗa iyaka ba. Gaskiya ne akwai tsohuwar hanyar fataken goro zuwa Gwanja, akwai zangon Hausawa a Kumasi da Akara, akwai samarin Zabarmawa da suke zuwa cin rani bakin teku. Amma gyaɗar Nijar ba ta bi ta Gana, gishirinta da kananzir ɗinta ba daga can suke zuwa ba. Talakan Nijar ya ji zafin Gana ne bayan an shirya, ba lokacin da ake faɗa ba: a watan Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busiya, wadda take ɗasawa da Abijan, ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, dubban ƴan Nijar da ƴan Hot-Bolta suka kwaso kaya suka komo. Ƙungiyar da ta iya ƙaurace wa taro saboda ƴan adawa ƙalilan ba ta iya tsayar da wannan kora ba.

Wata ɓaraka a cikin gida

Kafin a juya ga Nijeriya, sai an tsaya kaɗan a kan Dahome, ko da yake ita ƴar ƙungiya ce, domin rikicinta da Nijar shi ya koya wa Yamai darasin hanya. Nijar ba ta da teku. Dogon da ake kira Abijan-Nijar ya tsaya a Wagadugu a 1954, sunan ne kawai ya iso. Na Dahome ya tashi daga Kwatano ya tsaya a Paraku, kilomita 438, daga nan sai mota har gadar Malanbil da Gaya. Tun 1953 Faransawa suka shirya wani tsari na rage kuɗin dako, wanda suka sa wa sunan tsattsewa da harshensu, domin gyaɗar Nijar ta riƙa bin wannan hanya maimakon ta Kano. A 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukumar sufuri ta tarayya, OCDN. A watan Oktoba 1963 soja suka tuɓe Uber Maga, abokin Jori, a Kwatano. Gardama ta tashi kan tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara, Nijar ta kori ma'aikata ƴan Dahome da suka cika ofisoshinta tun zamanin Turawa, Dahome ta toshe hanya, kayan Nijar suka maƙale a tasha. Sai a 1965, a Yamusukuro, Ufuwet ya sasanta su, tsibirin kuwa sai ran 12 ga Yuli 2005 Kotun Duniya ta yanke cewa na Nijar ne. Shugaban da ya ga ɗan'uwansa na ƙungiya ya rufe masa ƙofa cikin kwana guda ba zai yi wasa da ɗaya ƙofar ba.

Nijeriya

Ɗaya ƙofar ita ce Nijeriya. Iyakar ƙasashen biyu ta kai wajen kilomita 1,500, kuma Turawa ne suka ja ta, Faransa da Ingila, cikin yarjejeniyoyi na 1890 da 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan jami'ansu suka bi ƙasa suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Layin ya ratsa ƙasar Hausa ta tsakiya. Sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa har yau, domin gidan sarautar daga Birnin Katsina ya taso bayan jihadi. Na Tsibiri Sarkin Gobir ne. Daga Maraɗi zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba, daga Damagaram zuwa Kano wajen 240 ne, alhali daga Maraɗi zuwa Yamai ya wuce 650, kafin a fara maganar Kwatano ko Abijan. Dogo ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, duk a gindin ƙasar gyaɗa ta Nijar. Fiye da rabin mutanen Nijar Hausawa ne, kuma a wannan ɗamara ta kudu ake noma mafi yawan abin da ƙasar take ci da wanda take sayarwa. Bambancin da mulkin mallaka ya bari ya fi fitowa a bakin mutane: nan duwan, can kwastan; nan lakwal, can makarantar boko; nan ana lissafi da dala da jika, can kuwa da sule da fam aka riƙa yi kafin 1973. Ɗan kasuwar Jibiya ko na Ɗan Isa ya san duka biyun, kuma daga bambancin kuɗin nan yake cin abinci.

Gwaji na farko ya zo da wuri. Faransa ta tayar da bam ɗinta na ƙare dangi karo na uku a Raggan, cikin Saharar Aljeriya, a ƙarshen Disamba 1960. A farkon Janairu 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa, ta hana jiragen Faransa na ruwa da na sama sauka a Nijeriya. Bugun bai sami Paris sosai ba, maƙwabta ya samu, su da kayansu suke bi ta Legas cikin jiragen Faransa. Bayan ƴan watanni aka ɗage hanin, ko da yake huldar jakadanci ta yi shekaru kafin ta komo. Amma a wancan zamani siyasa ba ta raba Legas da Antant ba. Tafawa Ɓalewa ma ba ya shiri da Nkuruma, yana ɓangaren Monrobiya tare da su. A Arewa kuma, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello da ta Jori abokan gābarsu dangin juna ne: Sawaba tana da masauki wajen ƴan NEPU na Malam Aminu Kano, kalmar sawaba ma ita ce kirarin NEPU tun 1950. Kalma ɗaya ta Hausa, mai nufin sauƙi bayan wuya, ta zama taken ƴan adawa a hayi biyu na iyaka, masu mulki na hayin biyu kuwa suka gane amfanin taimakon juna.

Shekarar 1966 ta sauya fuskokin da ke wurin. Ran 3 ga Janairu Yameyogo ya fāɗi. Ran 15 aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. A cikin watan ne Ufuwet ya janye shirinsa na bai wa ƴan ƙasashen Antant ƴancin zama ƴan ƙasa biyu, saboda ma'aikatan Kwaddibuwa sun ƙi. A Fabrairu Nkuruma ya tafi. Da abokin gāba ya kau, ƙungiyar ta koma ga tattalin arziki. A watan Yuni aka maye tsohon asusu da sabo, wanda aikinsa tsaya wa ƙasashen ne in za su ci bashi a waje. Cikin miliyan 650 na sefa da aka fara zubawa, Kwaddibuwa ta ba da 500, Nijar da Hot-Bolta da Dahome kowace 42, Togo 24.

Sai yaƙin basasar Nijeriya. Ojukwu ya shelanta Biyafara ran 30 ga Mayu 1967, faɗa ya ɓarke a watan Yuli. Ran 14 ga Mayu 1968 Kwaddibuwa ta amince da Biyafara a matsayin ƙasa, ta uku a Afirka bayan Tanzaniya da Gabon. Dalilin da Ufuwet ya bayar a fili shi ne yawan rayukan da ake hasara. Amma mutumin da ya rushe tarayyar Dakar domin kada ƙasarsa ta zama ƙarama a cikin babba, ba abin mamaki ba ne in bai yi baƙin cikin ganin tarayyar Legas tana tsagewa ba. Gwamnatin Janar Dagol ta fito a ƙarshen Yuli 1968 ta goyi bayan ƴancin Biyafara na zaɓar makomarta, makamai suka riƙa bi ta Abijan da Librebil.

Babu ko ɗaya cikin sauran ƴan Antant da ta bi Abijan wajen amincewa. Dahome ta yarda jiragen agaji na Red Cross su riƙa tashi daga Kwatano a 1969, iyakarta ke nan. Jori kuwa ya tsaya tare da gwamnatin tarayya ta Janar Yakubu Gowon tun daga farko har ƙarshe. Yana cikin shugabanni shida da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta naɗa a Kinshasa a watan Satumba 1967 domin su bi maganar, kuma a Yamai aka yi zaman Yuli 1968, inda Gowon ya zo ya yi bayani, Ojukwu ma ya zo bayansa. Wannan matsayi ba ƙaramin abu ba ne ga shugaban da Faransa take cike masa giɓin kasafin kuɗi, sojanta suna ƙasarsa, kamfanin haƙar uraniyom na Arlit ma a 1968 aka kafa shi da jarin Faransa. Ba kuma don ya juya wa Faransanci baya ba ne: shi ne ya karɓi taron da ya haifi hukumar ƙasashe masu magana da Faransanci a Yamai ran 20 ga Maris 1970. Abin da ya sani shi ne sarakuna da alhazan Maraɗi da Damagaram da Ƙwanni ba za su yafe wa gwamnatin da ta taimaka a yanka Nijeriya ba, kuma in Kano ta rufe kasuwa, ba abin da Abijan za ta aiko da zai maye gurbinta. Da yaƙi ya ƙare a watan Janairu 1970, Ojukwu a Kwaddibuwa ya sami mafaka. Ƙungiya ɗaya, uban gidanta yana saukar da wanda aka ci da yaƙi, na biyunsa yana karɓar godiyar wanda ya ci.

Godiyar ta zo da abin hannu. A watan Maris 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Nijeriya, mazauninta a Yamai. Aka yi yarjejeniyar kawo wutar lantarki daga madatsar Kainji, layin da ya taso ta Birnin Kabi ya iso Yamai a 1976. A gefe guda kuma Antant ta kafa tata hukumar dabbobi da nama a 1970, mazauninta a Wagadugu, da nufin shanun Sahel su ciyar da biranen bakin teku na ƙungiyar. Tunanin mai kyau ne bisa takarda, kuma ya dace da Hot-Bolta. Shanun Nijar dai, mafi yawansu, da ƙafarsu suka ci gaba da gangarawa kudu zuwa kasuwannin Nijeriya, da takarda ko ba takarda, yadda suka saba tun kafin a ja iyaka.

Ƙungiyoyi biyu, ƴaƴa biyar

Bayan yaƙi Nijeriya ta fito da kuɗin man fetur da niyyar kada a sake kewaye ta. A watan Afrilu 1972 Gowon da Janar Eyadema na Togo suka ba da shawarar kafa kasuwa guda ta Afirka ta Yamma duka, ba ruwanta da wanda ya yi wa wa mulkin mallaka. Ufuwet da Sangor, waɗanda gardamarsu ce ta haifi Antant, yanzu suka haɗa kai, da ƙarfafawar shugaba Pompidu na Faransa, suka kafa ta masu Faransanci zalla, CEAO, wadda aka kammala sa hannunta a Abijan a watan Afrilu 1973. A nan ne rabuwar ƴan Antant ta fito ƙarara. Kwaddibuwa da Hot-Bolta da Nijar suka shiga CEAO tare da Senegal da Mali da Muritaniya. Dahome, wadda Matiyu Kereku ya karɓi mulkinta a Oktoba 1972, ta tsaya a matsayin ƴar kallo, domin Kwatano da Legas kusan unguwa ɗaya ce. Togo tana can tare da Gowon. Nijar ma da ta shiga, ƙafa ɗaya ta sa, Jori bai ɓoye ba cewa hanyoyin ƙasarsa da dabbobinta Nijeriya suka nufa.

Bai ga ƙarshen maganar a kan mulki ba. Fari ya ci ƙasa, gardamar farashin uraniyom da Faransa tana tafe, ran 15 ga Afrilu 1974 Laftanan-Kanar Saini Kunce ya tuɓe shi, ba da jimawa ba kuma ya sallami sojan Faransa daga Nijar. Ran 28 ga Mayu 1975 ƙasashe goma sha biyar suka sa hannu a Legas bisa yarjejeniyar CEDEAO, ƴan Antant biyar duka suna ciki, Gana da Nijeriya da Gine ma suna ciki. Waɗanda ƙungiyar take kira maƙwabta sun zama ƴan ɗaki ɗaya da ita. Ba a rushe Antant ba. Ta ci gaba da aikin rijiyoyin ƙauye da hanyoyi da lamunin bashi, siyasar waje da tsaro kuwa suka koma waɗansu zauruka.

Sau biyu bayan haka aka sake gwada nauyin ƙofofin nan. A watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya tana canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai Maris 1986. Rufewar ta haɗu da fari, har mutanen kudancin Nijar suka sa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Na biyu shi ne bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, sa'ad da CEDEAO ta sa takunkumi ran 30 ga wata. Nijeriya ta yanke wutar da take bi ta layin Birnin Kabi, wadda a lokacin ita ce wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da Nijar take amfani da shi, Benin ta rufe gadar Malanbil. Kwaddibuwa da Benin suka ce a shirye suke su ba da soja in za a shiga Nijar da yaƙi. Burkina Faso ta tsaya tare da Yamai, su biyu da Mali suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel ran 16 ga Satumba 2023, suka kuma fice daga CEDEAO, ficewar da ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. Togo ta shiga tsakani, ta bar tashar Lome a buɗe, manyan motoci suka riƙa ɗauko kayan Nijar daga can, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori da rakiyar soja, su shigo ta Tera. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu 2024, iyakar Nijeriya ta buɗe a watan Maris na shekarar, motocin Jibiya da Maigatari da Illela suka koma kan hanya.